Ciwon Cikin Karɓa-Karɓa

Litinin, 2 ga Yuni

Yau Shugaba ya kawo mana baƙuwa daga babban ofis. Yarinya ce ƙarama, ko 'yar autata ta girme ta, da jaka a kafaɗa da takalmi irin wanda ba ya ƙara. Wai aikinta sauraron yara. Sauraro! Ni da na yi furfura a gidan marayun nan ina wanke kashi da fitsari, ina raba faɗa, ina cire ƙaya a ƙafa, ashe duk shekarun nan kurma ce ni ban sani ba.

Za ta riƙa zama da su a ɗakin karatu in sun dawo daga makaranta, ƙofa a rufe, ba a yarda ma'aikaci ko ɗaya ya shiga ba. Shugaba ya ce don a inganta kula da su ne. Na ce to, Yallaɓai. A raina na ce an zo neman wanda za a sallama ke nan, kuma na san wacce ta fi kowa tsufa a gidan.

Ta gaishe ni har ƙasa, tana "Inna, Inna" kamar yadda yaran ke kirana. Wa ya gaya mata? Ladabin da ya yi yawa ni ba ya burge ni. Na sa mata Mai Kunne.

Laraba, 4 ga Yuni

Barkono ba ta je makaranta ba. Ciwon ciki, wai. Ta duƙunƙune a gado tana nishi har motar makaranta ta fita, ina juya baya na tarar da ita a baranda ta goya Kumatu tana masa waƙa. Na ce ciwon fa? Ta ce ya lafa, Inna.

Yarinyar nan tun tana rarrafe take hannuna, yanzu shekararta goma, kuma ni na sa mata sunan saboda bakinta. Ƙarya ba halinta ba ce, gaskiya ma take faɗa har ta yi yawa. Kumatu ba ƙaninta ba ne, ba su haɗa komai ba, amma tun ranar da aka kawo shi yana jariri ta karɓe shi daga hannuna. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Ya shekara uku yanzu, ba ya cin abu sai ta fara ɗanɗanawa.

Na dai ba ta maganin tsutsar ciki. Ta shanye ko fuska ba ta ɓata ba, abin da ya ƙara ɗaure min kai ke nan.

Alhamis, 5 ga Yuni

Zaman farko. Mai Kunne ta kwashe kujeru gefe, ta shimfiɗa tabarma ta zauna a ƙasa tare da su. Na yi ta wucewa ta bakin ƙofar da kwandon wanki har hannuna ya gaji. Dariya kawai nake ji. Wa ake wa dariya in ba ni ba?

Asabar, 7 ga Yuni

Shekaranjiya Dogo ne da ciwon ciki, jiya 'Yar Fara. Na je na sami mai girki na ce ta duba man da take mana amfani da shi. Ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu. Wai in girkinta ne, me ya sa ciwon yake zaɓen mutum ɗaya tak a rana, kuma ba ya kama kowa Asabar da Lahadi? Na ce to Mai Kunne ce ta hure musu kunne. Ta ce haba Inna, tun bara ake yi, yarinyar mutane ko sati ba ta cika ba.

Mai girki dama bakinsu ɗaya da duk wanda ya yaba miyarta.

Litinin, 9 ga Yuni

Shugaba ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa da kansa. Labari biyu.

Na farko: an gano gwaggon Kumatu, ƙanwar babansa. Mace mai hankali, in ji shi, tana da mijinta da ɗakinta, hukuma ta yarda a ba ta shi. Za ta zo ƙarshen wata. Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa.

Na biyu: makaranta ta kai ƙarar Barkono, ta fi kowa fashi. In ta ci gaba haka babban ofis zai mayar da ita gidan manyan yara, can wani gari, inda makarantar ke cikin katanga ba zancen fashi. Wanda aka kai can ba ya dawowa nan. Na sani, na raka da yawa.

Na ce Yallaɓai, yarinyar nan ƙalau take, a bar min ita. Ya ce Inna, ba daga ni ba ne.

To daga wa? Wa ya shigo gidan nan da kunne a buɗe da jaka a kafaɗa?

Talata, 10 ga Yuni

Na fita da Kumatu wurin mai aski, na biya kasuwa na saya masa takalmi, ja mai igiya. Haka muke yi wa duk yaron da za a tafi da shi, kada dangi su ce mun riƙe musu ɗa a wulaƙance.

Sauran tsarin ma ba sabo ba ne. Ba a gaya wa yaran. Dangi su zo da hantsi lokacin da kowa yana makaranta, a ɗauki yaro cikin mutunci, ni kuma in cire zanin gadonsa in kife katifa kafin mota ta dawo. In sun tambaya sai a ce ya tafi gida, a ba su shayi da biskit. Tun da aka taɓa yin wata rabuwa da yara suka riƙe ƙofa suna kururuwa har maƙwabta suka fito aka sa wannan doka, kuma ni na fi kowa goyon bayanta. Me amfanin sa yaro kuka?

Barkono ta ga takalmin. Ba ta ce yana da kyau ba. Ta dube shi, ta dubi askin, ta dube ni.

Laraba, 11 ga Yuni

Ciwon ciki. Barkono.

Alhamis, 12 ga Yuni

Barkono kuma. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce zan kai ta asibiti a yi mata allura mai kaurin tsinken tsintsiya. Ta ce a yi, in dai za a tafi da Kumatu. Na ce shi me ya haɗa shi da cikinki? Ta juya min baya.

Da yamma na kama ƙaramin nan da muke kira Liman, saboda komai sai ya ce "Allah ya kyauta". Na ba shi sukari a tafin hannu na ce me kuke faɗa wa baƙuwar?

Wai sun ce sabulun wanka yana shiga ido. Wai ƙusar rataye tawul ta yi musu sama. Wai a daina yi wa mata aski irin na maza in an ga kwarkwata.

Na ce ni fa, me kuka ce a kaina?

Ya lashe hannunsa tas, ya ce, "Mun ce kina minshari in kin kwanta da rana."

An horar da shi, ba shakka. Sukarina ya tafi a banza.

Asabar, 14 ga Yuni

Kafinta ya zo ya sauko da ƙusoshin tawul. An canja sabulu. Na yarda tsohon yana da zafi, ni ma hannuna ya sani, amma wannan duk share fage ne. Da ƙanana ake farawa kafin a zo kan mutum.

Talata, 17 ga Yuni

Mai Kunne ta same ni ina shanya. Ta ɗauki zani ta kama gefe ɗaya ba tare da na ce ta kama ba. Na ce 'yar nan, fito fili, me kika kai musu a kan Barkono? Ta ce wallahi Inna ba ta kai komai ba, abin da yara suka faɗa a ɗakin nan ba ya fita sai da izininsu, sai fa in ana cutar da wani. Na ce to ana cutar da wani? Ta ce, "Su za su gaya miki da bakinsu. Sun ce ke suke so ki zo ranar Alhamis."

Ni kaɗai. Ba mai girki, ba direba, ba maigadi. Kotu ke nan, da alƙalai masu majina.

Laraba, 18 ga Yuni

Na goge atamfata mai kyau. In sallama ce, a sallame ni ina tsaf.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Sun ajiye min kujera, na ƙi, na zauna a tabarma don kada a ce na yi girman kai, gwiwata na ƙara kowa ya ji. Mai Kunne ta koma can gefe ta naɗe hannu. Na jira a fara karanto laifuffukana.

Dogo ya fara, yana sosa ƙeya. Wai Inna ki yi haƙuri, ciwon cikin nan ba ciwo ba ne. Na ce ai na sani, ƙiwa ce. 'Yar Fara ta ce ba ƙiwa ba ce, gadi ne.

Gadin me?

Sai suka yi ta magana a tare, sai da na ce ɗaya bayan ɗaya. Ashe tsari gare su. Kullum mutum ɗaya zai kwanta ya ce ciki, don ya zauna a gida ya ga ko za a tafi da wani. Karɓa-karɓa suke yi, gado bayan gado, daga bakin ƙofa zuwa taga. Wanda ya yi gadi shi zai gaya wa saura: wa ya zo, wace irin mota, yaron ya yi kuka ko bai yi ba, ya bar saƙo ko bai bari ba. Tun bara suka fara, tun ranar da suka dawo suka tarar babu wata yarinya da ke bin 'Yar Fara rabin kitso. 'Yar Fara ta ce, "Gefe ɗaya na yi mata, na ce in mun dawo zan ƙarasa."

Liman ya ce shi a aji ba ya jin abin da malam ke faɗa, lissafin gadaje yake yi.

Na ce to ai gida suke tafiya, wurin danginsu, abin murna ne. Dogo ya ce sun sani. Ba su ce kada a tafi ba. A dai bari su gani.

Barkono ce ta yi magana a ƙarshe, Kumatu na barci a cinyarta. Ta ce ita ta karɓe gadin kowa, don an yi masa aski an saya masa takalmi, kuma duk gidan nan an san ma'anar sabon takalmi. Sannan ta ce, "Inna, in mun dawo muka ga katifa a kife, ji muke kamar mutuwa aka yi ba a gaya mana ba."

Na ce don kada ku yi kuka ne. Ta ce, "Ai muna yi. A banɗaki."

Na tashi na ce ina da wanki a kan igiya. Ba ni da shi.

Ba wanda ya ambaci faɗana, ko tsufana, ko minsharin. Har yanzu ina ganin akwai abin da yarinyar nan ta ɓoye a jakarta, amma yau ban sami ƙarfin zarginta ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Mun shiga wurin Shugaba ni da Mai Kunne, da izinin yaran. Ya saurara, ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugu ba ne, na shaide shi. Ya ce dokar ba shi ya kafa ba, ba kuma shi zai sauke ta ba, sai babban ofis ya zauna, watakila wata mai zuwa. Gwaggon kuwa ranar Alhamis za ta zo da hantsi, an riga an tsayar. Barkono kuma, sati mai kamawa in ta yi fashi ko na yini ɗaya, magana ta ƙare.

Da muka fito na juye wa Mai Kunne. Na ce kin ji su, sai me? Kin sa sun buɗe cikinsu, ke ki koma ofis ki sha fanka, ni in kife katifa. Ta ce za ta bi maganar har inda ƙarfinta ya ƙare, amma ba za ta yi min alkawarin Alhamis ba. Idonta ya kawo ruwa. Ko na gaske ne, oho.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na kira Barkono bayan ɗakin wanki. Na gaya mata zancen gidan manyan yara ba ɓoye-ɓoye. Ta ce a kai ta, in dai ta ga tafiyarsa.

Na ce ke dai ki je makaranta, ni zan karɓi gadin.

Ta ce, "Ke ce fa mai cire zanin gadon."

Yarinyar nan ba a banza na sa mata suna ba. Na haɗiye. Na ce ba zai fita daga gidan nan ba sai kin dawo, na faɗa miki. Ta ce ki rantse. Na ce tun kina rarrafe na taɓa ce miki abu ban yi ba? Ta yi tunani sosai, har na ji haushin tsawon tunanin, sannan ta ce to.

Na yi alkawari da abin da ba nawa ba. Allah ya rufa asiri.

Litinin, 23 ga Yuni

Ta je. Mota ba ta gama tsayawa ba ta diro, ta wuce ni a guje sai ɗakin ƙanana.

Laraba, 25 ga Yuni

Ta je jiya, ta je yau. Na haɗa jakarsa: kaya, takalmi, katin asibiti da na rigakafi, duk na kulle a sito. Gobe.

Mai Kunne ta bugo waya tana tambayar me zan yi. Na ce aikina. Don ta kai rahoto, ko?

Alhamis, 26 ga Yuni

Da safe Barkono ta tsaya a matakalar mota ta dube ni. Na ce wuce mana, kin tare wa mutane hanya.

Gwaggon ta iso da hantsi, mace mai sanyin murya, da kumatu irin nasa sak. Aka yi gaisuwa, aka sa hannu a takardu. Shugaba ya ce Inna, a kawo jakarsa. Na je sito na dawo na ce Yallaɓai, makulli ya ɓata.

Aka duba ƙusa, aka duba ƙarƙashin tabarmi, mai girki har cikin buhun shinkafa ta sa hannu, tana duba tana satar kallona. Shugaba ya ce a fasa kwaɗon. Maigadi ya tafi neman guduma. Mutumin da gudumarsa ke rataye a bayan ƙofar ɗakinsa, sai ga shi wai ya ba wani aro a bayan layi, bari ya je ya karɓo. Ban ce masa komai ba, Allah shaida. Tafiyar da bai dawo ba ke nan sai azahar.

Na kawo wa baƙuwa shayi. Ta yi ta ƙoƙarin ba Kumatu biskit, ya kulle baki ya ɓuya a bayan zanina. Ta ce ko ba shi da lafiya ne? Na ce lafiyarsa ƙalau, baiwar Allah, sai dai wacce ta san kansa tana makaranta. Ta tambaya, na ba ta labari, ban ƙara ba ban rage ba. Ta dubi agogo, don motar garinsu ta safe ta kusa tashi. Sai ta cire mayafinta ta ninke a cinya, ta ce, "To mu jira ta. Akwai ta yamma."

Shugaba ya dubi gefen zanina, wurin ƙullin, ya daɗe yana duba. Ya koma ofis ya rufe ƙofa.

Da motar makaranta ta dawo makullin ya fito. A ina aka gan shi ba shi ne abin rubutawa ba.

An yi kuka. Na faɗa ai, na faɗa za a yi. Kumatu ya ƙanƙame wuyan Barkono yana ihu, Liman na birgima a ƙasa, 'Yar Fara ta jiƙe gaban rigarta. Na ce a raina ga abin da dokar ke gudu. Amma Barkono ta zaunar da shi a baranda ta sa masa jan takalmin da hannunta, ta ɗaure igiyar, tana yi wa gwaggon bayani kamar tsohuwa: ba ya shan shayi sai an fifita, yana tsoron zakara, in ya fara jan kunnensa barci yake ji, abinci kuma ki fara ci yana kallo. Matar na cewa to, to, tana share ido. Ta ɗauki biskit ta gutsura a gabansa ta miƙa masa. Ya dubi Barkono. Ta ce ci mana, gwaggonka ce. Ya karɓa.

Ita ta ɓamɓare hannunsa daga wuyanta, ba ni ba. Duk suka raka shi har bakin titi suna ɗaga hannu, maƙwabta suka leƙo, suka koma. Gwaggon ta ce za ta riƙa bugowa ranar Lahadi. Za mu gani.

Ban taɓa gadon ba. Gwiwata ke ciwo.

Litinin, 30 ga Yuni

Gwaggon ta bugo jiya. Barkono ta riƙe wayar ta ƙi ba kowa, sai da na ƙwace.

Zanin gadon shekaranjiya muka cire, ni da ita, ta ce a bar katifar a yadda take. Na bari, ba don komai ba, kifewar ma wahala ce.

Yau da safe mota ta cika har direba na mita wai ba wurin ajiye ƙafa. Na tsaya da kwalbar maganin tsutsa a hannu, ba mai nema. Na mayar da ita kabad.

Mai Kunne ta zo, wai babban ofis zai zauna kan dokar, kuma suna so su ji daga bakina. Su ji me? Ni ban karya dokar kowa ba, makulli ne ya ɓata. Ta yi murmushi irin nata, wanda har yanzu ban gama yarda da shi ba.

Shugaba ya ce an gano kawun Liman, a kai shi aski cikin satin nan. Na ce to, Yallaɓai. Da yamma na zaunar da yaron na tambaye shi wane irin takalmi yake so, da kuma wa yake so ya fara sani. Don dai kada in sayo wanda zai matse shi. Ya ce shuɗi, kuma Dogo. Sannan ya ce Allah ya kyauta.

Makullin sito yana nan a gefen zanina. Na ƙara masa ƙulli, irin abin nan bai da wuyar ɓata.